Lambar Motar Marigayi Saani

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a, mutanen unguwar Park Hill da ke Staten Island a Amurka sun gama yi wa Kudus shari'a, sun same shi da laifi, ɗauri kawai ya rage.

Ranar Laraba da rana ne wata baƙar Camry ta fizgo daga bakin titi a 125th Street, can Harlem a tsallaken ruwa, ta ture teburin Rahina mai sayar da man kaɗanya da turaren wuta, ta bi ta kan ƙafarta, ta ƙara gaba. Wani mai wucewa ya ɗauki hoton bayan motar. Lambar kuwa ba irin ta kowa ba ce, irin wadda ake ba 'yan sandan da suka yi ritaya ce, mai ɗan tambari a gefe. A duk masu jin Hausa na Park Hill mutum ɗaya ne ya taɓa mallakar irinta, wato Saani ɗan Zangon Kumasi. Shi kuwa Saani yana kwance a maƙabarta, ko arba'in bai yi ba.

Matarsa Sherifa tana takaba, ba ta fita. Saura ɗansu Kudus, saurayin da wata mai zuwa zai shiga makarantar horar da 'yan sanda don ya gaji ubansa. An riga an ce ya zo ofishin 'yan sanda ranar Litinin da lauyansa. In bai wanke kansa ba, makaranta ta tafi, wataƙila kuma ya kwana a bayan kanta.

Zailani ya ji wannan shari'a a ƙofar masallaci yana neman takalmansa, ransa ya ɓaci. Shi dama ɓacin rai ba ya yi masa wuya. Ubansa mai bin sawun ɓarayin shanu ne a ƙasar Birnin Gwari, shi kuma ya gaji idon ya taho da shi Amurka, inda wani kamfanin inshora ke biyansa ya nemo motocin da aka sace. A unguwa in keke ya ɓata ko an fasa gilashin mota, shi ake kira, a kuma sha faɗa a wurinsa kyauta.

"'Ya'yan da aka haifa a ƙasar nan sai addu'a," in ji Faruƙ makanike, yana karkaɗe sallaya. "Ko makokin uba ba a gama ba, ya ɗauki mota yana take mutane."

"Ka gan shi?" Zailani ya tambaya.

"Sai na gan shi? Ai lamba ta gan shi."

"To bari lamba ta je ta ba da shaida, kai ka rufe mana baki."

Alhaji Abdulƙadir ya shiga tsakani. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan unguwa, aminin marigayi, wanda ya yi masa wanka da hannunsa. "Haba, Malam Zailani, a bakin masallaci? A dai yi wa yaron addu'a. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ba ta tuƙa Camry, Alhaji," in ji Zailani, ya zura takalmansa ya yi gaba.

* * *

Ya tarar da Sherifa zaune a kan darduma a ƙuryar falo, ta lulluɓe har goshi, idanunta sun yi ja. Da harshen Zango ta tare shi, ko gaisuwa ba su gama ba.

"Yaya Zailani, ka ji abin da suke faɗi? Ei! Jiya sun zo suna min ta'aziyya, yau suna ɓoye 'ya'yansu daga nawa. Makullin motar nan yana ƙarƙashin filona tun ranar da aka kai Saani. Ba wanda ya taɓa shi koraa."

Kudus yana tsaye jikin taga, dogo kamar ubansa. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa. Zailani ya tambaye shi inda yake ranar Laraba da rana. Ya ce ya hau bas ya tafi maƙabarta, ya zauna wurin kabarin ubansa har la'asar, wayarsa a kashe.

"Wa ya gan ka?"

Ya girgiza kai.

"Madalla," in ji Zailani. "Ka zaɓi wurin da shaidunsa ba sa magana." Ya ga yaron ya juya ya fuskanci taga, sai ya ji haushin bakinsa, ya ƙara da cewa, "Ni dai ban ce kai ne ba. Ina motar?"

Motar tana filin fakin na bayan ginin, a rufe da tamfol. Ko a Kano ko a Kumasi kowa ya san ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, don haka tun ranar sadakar uku aka lulluɓe ta aka ɗaure. Ko yaran da ke haye kowace mota a filin ba sa kusantarta. Zailani ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya taɓa komai. Ganyen da iska ta tara a jikin tayoyi ya ruɓe daga ƙasa, ba tayar da ta murƙushe shi. Faifan birki ya yi jajir da tsatsa. Wannan mota ba ta je Harlem ba, ko ƙofar filin ba ta je ba.

Ya ɗaga tamfol. Lambobin suna nan, gaba da baya, amma kawunan notukan suna ƙyalli da sabon karce, ɗaya ma ba a ƙarasa ɗaure shi ba. Ya sa safar hannu ya kwance ta baya ya juya ta. Bayanta duk ƙura ne da gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, sai wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, girman akwatin ashana, tas da shi, da ragowar danƙon salatif a gefensa. An taɓa liƙa wani abu a nan, an cire shi kwanan nan. Ya ɗauki hoton wurin.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tamfol ɗin. Wanda ya kwance lambar ya san ba wanda zai ɗaga shi har a gama takaba. Ya san kunyar da muke yi wa mamaci, ya shiga ƙarƙashinta ya ɓuya.

Ya kira 'yar sandan da ke riƙe da maganar ya gaya mata. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce motar ta wanku, amma yaron bai wanku ba, domin yana iya kwance lambar ya ɗaura a motar abokinsa. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya kashe wayar yana tsaki.

* * *

Da safiyar Asabar ya dira garejin Faruƙ. Kowa ya san akwai 'yar tsama tsakanin Faruƙ da marigayi, tun ranar da ya kai wa Saani tarin tikitin tarar fakin ya ce ya yi wa mutanensa magana a share, Saani ya ce shi ya yi ritaya daga aiki ne, bai shiga dillanci ba. Kuma a gaban jama'a Faruƙ ya taɓa cewa a sayar masa da lambar ko nawa ne. Ga shi cikin motocin da ya jera na sayarwa akwai baƙar Camry.

Zailani ya nuna masa hoton notukan. Faruƙ ya duba, ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Malam Zailani, ka ce min ɓarawo, na ji. Amma ni in kwance noti in bar shi da wannan karcen? Wannan ai da wuƙar kicin aka yi, ko da kwabo. Ka zage ni da komai, ban da wannan."

"Ina kake ranar Laraba?"

"Ina tashar jiragen ruwa ina loda motoci zuwa Kwatano, tun safe har magariba. Mutum biyar sun gan ni, kuma dukkansu sun zage ni, za su tuna." Ya share hannu da tsumma. "Maganar sayen lamba kuwa wasa ne. Ni me zan yi da ita? Wanda take wa amfani shi ne mai tsayawa inda aka hana tsayawa. Ka je filin jirgin sama na JFK ka tambayi masu jiran fasinja."

"Jiya kai ne kan gaba wajen ɗaure yaro."

"Jiya ban ga noti ba," in ji Faruƙ, ya kau da kai.

Daga nan Zailani ya hau jirgin fito ya tsallaka, ya wuce asibitin da aka kwantar da Rahina. 'Yar Nima ce ta Akara, mace mai jiki da murya, an rataye ƙafarta da ƙarafa. Bai gama yi mata sannu ba ta karɓe maganar.

"Ban ga fuskarsa ba, ina ƙasa, kwalaben turare sun fashe a kaina. Amma ya tsaya, Malam. Ya tsaya paa! Gilashinsa a sauke yake. Na ji ya ce, 'Innalillahi, na shiga uku.' Na ce alhamdulillahi, namu ne, zai fito ya ɗauke ni. Sai na ji ya taka mota."

"Muryar yaro ce ko ta babba?"

"Wane yaro? Yaran nan in sun firgita da Turanci suke kiran Allah. Wannan babba ne, mai furfura a murya." Ta buga hannu a katifa. "Na gaya wa 'yan sanda, sun rubuta, sun kalle ni kamar mai tatsuniya. Namu ne ya taka ni ya tafi. In ka same shi kada ka kawo min shi ya ba ni haƙuri, ba na so."

* * *

A filin da direbobi ke jiran fasinja a JFK, ya tarar da 'yan uwa sun yi da'ira a bayan wata mota suna cin shinkafa da wake a cikin roba. Suka yi masa bismilla. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, kowa ya mai da ido kan cokalinsa.

"Mu nan ba mu faɗin na juna," in ji wani dattijo. "Kowa da abin da ya baro a gida."

"Maraya ne za a ɗaure jibi."

"Allah ya kuɓutar da shi."

"Allah ya ba ku baki, kun ce ba kwa so!" Zailani ya faɗa da ƙarfi har wani Ba'indiye a motar gefe ya leƙo. "In tikiti aka ba ɗayanku, har Legas sai an ji ihunku. Yau an taka mace an laƙa wa maraya, duk kun zama waliyyai." Ya juya ya tafi yana huci.

Yana buɗe motarsa sai ga Isufu, wani direba ɗan Maraɗi da ke zaune a Park Hill, ya biyo shi yana waige-waige.

"Bon, Malam, abin da na sani kaɗan ne. 'Yan makonnin nan akwai wata baƙar Camry da ke tsayawa daidai ƙofar masu sauka, inda mu in mun tsaya minti guda an kore mu. Ita ba mai ce mata kanzil. Ta ɗauki mutum da kaya ta tafi. Tun Laraba ban sake ganinta ba, voilà."

"Wa ke ciki?"

"Wallahi ban duba ba. Wa ke leƙa motar ɗan sanda?"

Zailani ya kalli motar da Isufu ya fito daga cikinta. Baƙar Camry ce. A Park Hill, in aka cire ta marigayi, masu irinta cikin 'yan uwa su uku ne: Isufu, da Faruƙ, da Alhaji Abdulƙadir, wanda shi ma jigilar filin jirgi ce sana'arsa. Sunan na ukun bai yi masa daɗi ba, ya ture shi gefe ya tayar da mota.

* * *

Kafin ya koma gida ya biya wurin Yaw, wani Ba'asante Kirista da suka yi aiki tare da Saani har suka yi ritaya. A Zango ya taso, Hausarsa kamar ta ɗan gida. Yana wanke motarsa a ƙofar gida, ita ma da irin lambar.

"Wannan?" Yaw ya nuna ta da soso. "Asara ce, ɗan uwa. Duk shekara mu biya ƙari a kan abin da kowa ke biya. Aka ce mana wani kaso zai je wa iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki. Ni dai na ce wa Saani, in aka cire na bugawa da na ofis, ban san abin da ke isa hannun gwauruwa ba. Ya ce ko na burodi ne ya isa, shi zai biya. Bai taɓa fashi ba. Kuma mutumin nan ko a gaban gidansa ba ya fakin ba daidai ba. Mutanenku kuwa gani suke lambar nan takardar izinin karya doka ce."

Zailani ya nuna masa hoton bayan lambar, da ɗan filin nan mai kusurwa huɗu. Yaw ya kalla, ya yi 'yar dariya.

"Ei, Saani. Layar mamarsa ce. Jar fata, 'yar ƙarama. Ita ta aiko masa daga Kumasi, ta ce ta tsarin mota ce. Ya ji kunyar rataya ta a ciki, don Kudus da sabon limaminku ba sa son laya. Ni na riƙe masa lambar ya liƙa ta a baya. Ko Sherifa ba ta sani ba."

Zailani ya zauna a dakalin gidan yana lissafi. Ya riga ya tone ganyen da ke ƙarƙashin motar ɗaya bayan ɗaya, babu jar fata a wurin. Da baƙo ne ya kwance lambar, da ya yar da abin nan take. Namu kuwa ba zai yar da laya ba, don ya san abin da ke naɗe a ciki. Ba zai sa ta a aljihu ba, don da rigar zai shiga banɗaki. Ba zai kai layar da bai san asalinta ba cikin ɗakin matarsa da 'ya'yansa. In kuwa ya kai wa liman, za a tambaye shi inda ya samo ta. Wuri ɗaya ya rage, inda mai ita ya nuna masa ana ajiye ta, wato bayan lamba, a jikin tasa motar.

* * *

Ranar Lahadi aka yi addu'ar arba'in a zauren taro na ƙasan ginin. An cika, har da waɗanda suka ɗaure Kudus da baki ranar Juma'a, suna cin wake da shinkafar da uwarsa ta sa aka dafa. Alhaji Abdulƙadir ne ya ja addu'a, muryarsa na rawa in ya ambaci sunan amininsa. Ana shafawa Zailani ya miƙe da sukurudireba a hannu.

"Jama'a, kafin a watse. Motar Saani ba ta motsa ba, lambarta ce ta yi yawo. Wani a cikinmu ya ɗaga tamfol, ya kwance ta, ya ci abinci da ita a filin jirgi, ya taka Rahina, ya dawo ya ɗaura ta, ya bar maraya da kaya. A bayan lambar akwai wani abu na marigayi da bai dawo ba. Masu baƙar Camry ku uku ne. Ba zan tilasta kowa ba, ni ba hukuma ba ne. Amma filin fakin yana nan waje, mai gaskiya ya zo mu kwance lambarsa ta baya a gaban kowa."

Zauren ya kaure da hayaniya. Wani ya ce wannan cin mutunci ne a ranar sadaka. Isufu ya riga kowa miƙewa, ya ce a fara da tasa. Aka ɗunguma waje, mata suka leƙo ta tagogi. Aka kwance ta Isufu, ba komai sai ƙura. Faruƙ ya zo da tasa tun safe don Zailani ya ce ya zo da ita. Ya fizge sukurudireban ya kwance da kansa, ya ɗaga lambar sama yana juya ta don kowa ya gani.

Saura ɗaya. Alhaji Abdulƙadir yana tsaye, carbi na gudu a hannunsa.

"Malam Zailani, ni? Ni da na wanke shi?"

"Shi ya sa nake so a kwance taka, Alhaji, in ba ka haƙuri a gaban mutanen nan. Wallahi na fi son in ba ka haƙuri."

Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Faruƙ ya dube shi, ya jira, sannan ya tsuguna. Notukan ba su yi gardama ba, domin ba a daɗe da taɓa su ba. Da lambar ta fita, sai ga ta liƙe a jikin motar da sabon salatif, 'yar jar laya, girman akwatin ashana.

"Ta Saani ce," in ji Yaw daga bayan mutane.

Alhaji ya zauna daɓas a gefen titi, hularsa ta karkace.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "An dakatar min da takardar ɗaukar fasinja tun bazara, ban gaya wa kowa ba, ko matata. Na ce lambar tana kwance ba ta amfanin kowa, kafin a gama takaba na mayar. Ranar Laraba na tsaya ɗaukar kayan wani fasinja, na hango mai ba da tikiti, na firgita na fizgi mota. Ban ga matar ba, wallahi ban gan ta ba."

"Layar fa?" in ji Faruƙ. "Me ya sa ba ka yar ba?"

Alhaji ya ɗago da mamaki a fuskarsa. "In yar? Akwai sunan Allah a ciki."

Nan ne Zailani ya fashe. "Sunan Allah! Ka ji tsoron jefar da fata a ƙasa, amma ka bar baiwar Allah a kwance a kan titi da ƙafa a karye! Ka tsaya, ka gan ta, ka yi salati, ka taka mota! Ranar Juma'a ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce mu yi wa yaron addu'a. Mun yi, Alhaji. Ga amsar nan a jikin motarka."

Dattawa suka ja shi gefe, suka rage murya. Abin kunya ne na kowa, in ji su, in ya fita za a ce ga halin 'yan Afirka. Alhaji yana da iyali, takardunsa na zama ma za su iya tafiya. A rufa asiri. A ce wa hukuma wani da ba a sani ba ne ya saci lambar. Ƙungiya ta ɗauki asibitin Rahina, ta ɗaukar wa Kudus lauya mai kyau.

"In lauyan ya kasa fa?" Zailani ya tambaya.

"Ba zai kasa ba, in sha Allahu."

"Ku ba ni ɗan ɗayanku ya je ofis ɗin gobe a madadinsa, sai mu ga ƙarfin in sha Allahunku."

Ba wanda ya bayar. Daga ƙarshe liman ya ce magana ta mai gida ce, a kai wa Sherifa, abin da ta ce shi za a yi. Dattawan suka yarda da sauri, don sun san mace mai takaba zuciyarta a karye take, kuma da wuya ta kalli idon aminin mijinta ta ce a'a. Zailani ya san lissafin da suka yi, ya bi su sama yana cizon leɓe.

* * *

Falon ya cika da manyan riguna. Sherifa tana nan inda take, a kan darduma, Kudus a tsaye a bayanta. Liman ya yi bayani da lafazi mai laushi, ya kawo falalar yafiya, ya tuna mata zaman mijinta da Alhaji tun suna samari. Alhaji ya durƙusa a gabanta yana kuka, yana cewa shaiɗan ne, ta dubi Allah ta dubi 'ya'yansa.

Ta bari suka gama tsaf. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, lambar ba ta dame ni ba. Da ka tambaye ni ma, wataƙila kunya ta sa in ba ka. Abu ɗaya zan tambaye ka, ka faɗa min tsakaninka da Allah. Ranar Alhamis ka zo nan, ka zauna a kujerar nan, ka ce in yi haƙuri, yaro ne, kuskure ne ya yi. Da Yaya Zailani bai kwance lambar nan ba, gobe suka rufe min ɗa, za ka je ka ce kai ne?"

Alhaji ya buɗe baki. Dattawa suka zuba masa ido, wani har yana gyaɗa masa kai don ya taimake shi. Kalma ɗaya ake nema, kuma da ya faɗe ta, ko da ƙarya ce, Zailani ya tabbata matar nan za ta karɓa. Ta jira shi. Ta ba shi lokaci fiye da wanda ya cancanta, har shirun ya ishi kowa.

"To," in ji Sherifa. Ta gyara lulluɓinta. "Yaya Zailani, kira 'yar sandan nan ta ofis."

Zailani ya ciro waya ya danna. Ba dattijon da ya sake cewa a rufa asiri, kowa ya sunkuyar da kai yana sauraron ƙarar kiran. Har aka ɗauka a can, Alhaji bai ce zai je ba.